Takardun Ummi a Tukubar Sale

Ranar sunan ɗan Auwalu na ji shi Auwalun a ƙofar gida yana gaya wa abokansa cewa ni na dasa muku son karatu, wai tun kuna ƙanana ba ku taɓa ganin hannuna babu littafi ba. Ban gyara masa ba saboda ranar farin ciki ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba gaskiya ba ce, kuma babbar yayarku Ummi tana cikin gida tana rabon tuwo, ta fi kowa sanin ba gaskiya ba ce. Ku ƙanana kun buɗe ido kun tarar da uban da aka riga aka gyara. Ita ce ta zauna da na farkon. Shi ya sa na ce kafin idona ya ƙarasa dushewa sai na rubuta muku wannan da hannuna, ko da rubutun zai karkace.

Na san daɗin karatu tun ina yaro a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar. Makarantarmu ɗaki uku ce da inuwar kuka, littafin karatu kuwa guda ɗaya ne, yana kulle a kabad ɗin malam. A bakin makarantar akwai wata tsohuwa mai ƙosai, Iya Tabawa. Ɗanta ya bar mata wani littafin labari na Hausa marar bango, shi take yaga tana naɗe wa mutane ƙosai. Wata rana na gama cin nawa, na duba takardar, sai na ga labari ne na wani falke da ya rabu da ayarinsa a daji. Na karanta gaba, na juya baya, labarin ya katse a tsakiyar magana. Washegari na koma da sassafe.

“Iya, ki yago mini wadda ke bin ta jiya.”

“Ɗan nan, ƙosai kake saya ko takarda? Ni ina na san wadda ke bin wata? Duk tururuwa ce aka zuba a kai.”

Daga ranar na zama mai bin 'yan ajinmu ina roƙon takardar ƙosansu kafin su yar. Ina goge man da toka, in jera su, in soke a jinkar ɗakin mahaifiyata. Na haɗa mafi yawan labarin a haka. Ƙarshensa ne ban samu ba. Wata safiya aka kwana ana ruwa, itacen Iya ya jiƙe, sai ta hura wuta da sauran shafukan. Na tsaya a gabanta ina kuka, ita kuwa ta ɗauka yunwa ce, ta ƙara mini ƙosai biyu. Har yau ban san ko falken nan ya koma gida ba.

Ina aji biyar aka yi fari shekara biyu a jere. Mahaifina ya cire ni daga makaranta ya haɗa ni da ƙanensa mai kora shanu zuwa kasuwar Maigatari. Ba mugunta ya yi ba, gidan ne babu hatsi. Ya ce karatun da na yi ya ishe ni gane sunan gari a allon bakin hanya. A kara, wato inda ake cinikin dabbobi, na koyi wani karatun daban: shekarun sa a haƙoransa, lafiyar rago a idonsa, da abin da mai saye ke ɓoyewa a fuskarsa. Na zama dillali, har aka san sunana. Amma ga abin da nake so ku gane. Wanda aka raba da abin da yake so, ko dai ya zauna da begensa, ko ya koya wa kansa ƙinsa don ya huta. Ni na zaɓi na biyu. Da 'yan ajinmu da suka ci gaba suka fara dawowa da biro a aljihun gaba, ni ne kan gaba wajen yi musu ba'a. Karatun Alƙur'ani ban bari ba, amma duk wanda na gani da littafin boko sai in ce ya rasa aikin yi. Na faɗa har na yarda da kaina.

Bayan na yi aure na dawo Gumel da zama, aka haifi yayarku. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa ba ku taɓa jin na kira sunanta na yanka ba, sai Ummi. Tun da ta fara haɗa baƙi ba ta wuce rubutu ba ta tsaya ba. Buhun taki, kwalin ashana, abin da ake rubutawa a bayan manyan motoci, duk sai ta karanta da ƙarfi. Wata malamarsu 'yar Jos da muke maƙwabtaka ta lura da ita, ta riƙa ba ta littattafan labari kyauta, har ta cika kwali guda a ƙarƙashin gadon innarku. Duk lokacin da na gan ta a gindin darbejiyar tsakar gida, leɓenta na motsi, ba ta san duniyar da take ba, sai in ga yaron nan na bakin kaskon Iya Tabawa. Maimakon in ji tausayi, haushi nake ji. A lokacin ban san dalili ba. Yanzu na sani: ita an bar ta, ni ba a bar ni ba.

A shekarar da ta cika sha huɗu ina da wani rago da na turke wata bakwai ina ba shi dusa da harawa. Fari ne tas, mai baƙin zobe a ido. Na riga na cika baki a kara cewa ranar da zan kawo shi kowa zai bar nasa cinikin ya zo kallo. Da kaka aka kawo wake daga gona, aka shanya a tsakar gida. Innarku za ta tafi barka, ni zan fita, na ce wa Ummi ta sa ido. Ragon ya tumɓuke turke, ya sa kai a cikin waken nan ya ci har ya gaji, sannan ya je ya sha ruwa a baho. Da na dawo da la'asar cikinsa ya yi kamar ganga. Muka ɗura masa kanwa da man gyaɗa, bai yi ba. Dole na sa masa wuƙa kafin ya zama mushe.

Na wanke hannuna, na kira ta.

“Kina ina rago ya tsinke?”

“Ina nan, Baba.”

“Nan ina?”

Ta kalli gindin darbejiya. Ga tabarma, ga biro, ga wani littafin rubutu mai shuɗin bango a buɗe.

Ban dake ta ba. Da dukan na yi da ya fi mata sauƙi. Na shiga ɗaki na jawo kwalin nan na fito da shi. Innarku, wadda ta dawo ta tarar da jini a tsakar gida, ta sha gabana.

“Malam, rago dai ya riga ya tafi. Ka bar wa yarinyar nan kayanta. Ina ma za ka kai su?”

“Inda za su yi amfani.”

Ummi ta durƙusa. Ba ta yi kuka ba.

“Baba, ka tafi da sauran duka, amma ka bar mini mai shuɗin bangon. Wannan ni nake rubuta shi.”

Na sunkuya na ɗauke shi daga kan tabarma na ɗora a saman kwalin.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari da kwalin. Akwai wani mai tsire, Sale, mutumin Damagaram, wanda a tukubarsa nake cin nama duk mako. Kullum yana neman takardar naɗi. Na dire masa kwalin na ce kyauta ce. Ya yi murna, amma kafin ya taɓa sai ya yi tambayar da duk mai naɗe abinci a ƙasar nan yake yi, domin shi bai iya boko ba.

“Takardun lakwal ne, na 'yan makaranta? To duba mini, Malam Habu. Babu sunan Allah a ciki?”

Kun san yadda muke. Ko a hanya mutum ya ga takarda mai sunan Allah, ɗauka yake ya soke ta a katanga don kada a taka. Ni kuwa ko buɗe kwalin ban yi ba.

“Babu. Tatsuniyoyin yara ne kawai.”

Da na ƙona su da na ce zafin zuciya ne. Amma ni da na san yadda labari ke mutuwa shafi-shafi a hannun mai soye-soye, ni na zaɓa wa na 'yata irin wannan mutuwar. Wannan ba fushi ba ne, sani ne.

Gida ya yi tsit. Ummi ta zama yarinyar da kowane uba ke cewa yana so. Kafin a ce share ta share, kafin a ce wanke ta wanke. Tana zuwa makaranta tana dawowa, amma jakarta a rataye take har gari ya waye. Buhun taki ya zo gidan ta wuce shi ko kallo. Wata rana innarku ta ajiye mini abinci ta ce:

“Ka samu abin da kake so, Malam. Ga 'yarka nan ta koma turmi, inda aka ajiye ta nan za a same ta.”

Alhamis ɗin da ta biyo ban je kasuwa ba, don ba na son tambayar ina rago. Ta gaba da ita na je. Bayan azahar na zauna a bencin Sale, ya zare mini tsinke uku ya barbaɗa yaji ya naɗe ya miƙo. Na buɗe, sai na ga rubutun biro a ƙarƙashin naman, ƙanana, a tsaye, kowane baƙi a wurinsa. Na san hannun. Na ture naman gefe. Shekara kusan talatin rabona da karanta abin da ya wuce sunan gari, sai da na bi da yatsa ina haɗawa kamar ɗan aji biyu. Labarin wata yarinya ne, Talatu, wadda raƙumin babanta ya ɓace a hannunta wurin ban ruwa, ta bi sawunsa ita kaɗai har ta ƙetare iyaka. A tsakiyar shafin, daidai inda mai ya fi jiƙawa, an rubuta: “Allah ka sa in same shi kafin Baba ya sani.” Ga yaji a kan sunan. Na juya baya. Talatu ta isa wata rijiya, ta hango igiyar raƙumin a hannun wani, sai shafin ya ƙare.

Abu biyu suka kama ni a lokaci guda. Na farko, ina so in san wanda ke riƙe da igiyar nan, so irin na yaron nan na cikina da na ɗauka ya mutu tuntuni. Na biyu, yarinyar nan ta rubuta wannan tun kafin ragona ya ci wake. Ke nan ta daɗe da sanin irin uban da take da shi.

Na miƙe na ce, “Sale, ƙarya na yi maka. Akwai sunan Allah a takardun nan.”

Ya saki wuƙar a kan faranti.

“Innalillahi! Malam Habu, mako biyu ka sa ni ina naɗe nama da sunan Allah? Me na yi maka?”

“Ba kai ka yi ba, alhakin a wuyana yake. Ina sauran masu rubutun hannu?”

Ya zazzage buhunsa, muka sami shafi tara. Ya ce ya ɗiba wa ƙanensa mai balangu a tashar Gagarawa, ya kuma ba wata mai awara da ke zuwa daga Sule Tankarkar. Sauran suna hannun duk wanda ya ci tsire a ranar. Na naɗe babbar rigata a kafaɗa, na shiga bin ƙasa tsakanin kashin shanu da ɓawon rake ina ɗaga duk farar takardar da na gani. Abokan sana'ata suka taru suna kallo. Ɗaya ya ɗaga murya:

“Jama'a, rashin rago ya taɓa Habu! Ya bar dillanci ya koma jari-bola!”

Aka yi dariya. Ban ɗago ba. Na tsinci uku, ɗaya an taka ta da kofato.

Washegari bayan sallar Juma'a na shiga motar Gagarawa. Ƙanen Sale ya saurare ni, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce shi bai taɓa ganin dattijo ya biyo takarda daga wani gari ba, ko ta gona ce? Na ce ta fi ta gona. Ya ba ni shida. Ranar Asabar na tafi Sule Tankarkar, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan mai awara. Ta fito da hannu duk gasara, ta ce:

“Ayya, Malam, da ka zo shekaranjiya. Itacena ɗanye ne, da su nake tayar da wuta.”

Na tuna Iya Tabawa. Shekara talatin, ƙasa ɗaya, magana ɗaya. Huɗu suka rage a ƙarƙashin tirenta, ta ba ni.

Littafin shafi arba'in ne, na dawo da ashirin da uku. Na barbaɗa musu toka ta tsotse man, na karɓi dutsen guga na gawayi na bi su ɗaya bayan ɗaya, na jera su bisa lambar da ta sa a kusurwa. Sannan na kira ta. Ku sani, a yadda aka rene mu uba ba ya ba ɗansa haƙuri, sai dai ya sayo masa wani abu a kasuwa a wuce wurin. Duk da haka na ce mata:

“Ummi, ga kayanki, abin da na samu. Ban kyauta miki ba. Ki yafe mini.”

Ta durƙusa, idonta a ƙasa.

“Ba komai, Baba. Ka bar su kawai. Na manta abin da ke ciki.”

Ba ta miƙa hannu ba. Na ajiye su a kan taga, suka kwana uku ba a taɓa ba. Na gane cewa yafewar baki na samu, yarinyar kuwa tana can inda na jefar da ita. Na ce a raina, yadda na bi takardun nan gari uku haka zan bi ta, ko zai ɗauki shekara.

Na ɗauki wata al'ada. Kullum da safe bayan an sha koko, kafin in fita, sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya in karanta labarin Talatu da ƙarfi, shafi biyu. Karatuna a lokacin abin tausayi ne, ina yi ina tuntuɓe. Innarku tana tankaɗe tana cewa:

“Malam, karatu kake ko ƙaya kake cirewa?”

Auwalu da Binta kuna ƙanana, kuna kwaikwayona kuna faɗuwa da dariya. Ummi kuwa tana shara ko wanke-wanke, ta ba ni baya. Duk inda na zo shafin da ya ɓata sai in cike da abin da ya zo bakina, da gangan nake zaɓar wanda ya fi muni. Na sa Talatu ta hau jirgin sama. Na sa raƙumi ya yi magana da Faransanci. Ba ta juyo ba. Na ƙare na sake komawa farko. A zagaye na biyu na iso bakin rijiyar nan, inda shafin ya katse, na gyara murya na ce:

“Sai ta ga ashe wani ƙaton aljani ne mai ƙaho uku riƙe da igiyar, ya buɗe baki zai haɗiye ta.”

Tsintsiyar ta tsaya.

“Ba haka ba ne.”

Na yi kamar ban ji ba. “Aljanin nan ya ce da ita…”

“Baba, ba aljani ba ne. Tsohuwa ce mai jan ruwa. Ita ta riƙe shi don kada ya zurma rijiyar.”

“To, daga nan fa?”

Ta jingine tsintsiyar, ta zo ta zauna a bakin tabarma, nesa da ni kaɗan.

“Ka ci gaba. In ka zo inda babu, sai in faɗa maka.”

Daga wannan safiyar ne aka fara karatu a gidan nan. Ita ta gyara mini nawa, ba ni na koya mata ba. Na sayo wani kwalin muka fara cika shi tare, shi ne kuka tashi kuka gani. Ta koma kan littattafanta, ta yi karatu, ga ta nan tana koyarwa a Gagarawa. Amma kada ku ɗauka komai ya dawo. Shafukan da suka ɓata da baki ta faɗa mini su, ba ta sake rubuta su ba, kuma tun daga ranar ba ta ƙara rubuta labari ko ɗaya ba. Wannan ni na kashe shi. Shafin ƙarshe da ta rubuta yana hannuna: Talatu ta kamo hanyar gida tana jan raƙumi, ta hango babanta tsaye a bakin gari. Nan ta tsaya. Na yi shekaru ina tambayarta ƙarshen tana kaucewa. Sai bayan ta haifi 'yarta ta biyu ta ba ni amsa.

“Lokacin ban san yadda uban zai karɓe ta ba, shi ya sa na dakata. Da ka ɗauki kwalin sai na sani, kuma ban so in rubuta shi ba.”

Can ta ƙara da cewa:

“Kai ne uban, Baba. In ana son ƙarshe, kai za ka rubuta.”

Shekara tara ke nan da wannan maganar. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, ina cewa ni wa, ɗan aji biyar. A makon sunan nan, da na ji abin da Auwalu ya faɗa, na zauna na rubuta shi. Shafi ɗaya ne. Uban ya taho da sauri, bai ko kalli raƙumin ba, ya duba ƙafafunta da suka fashe, ya ce, “Kin sha ruwa kuwa?”

Auwalu, in ka sake ba da labarina, ka fara daga kwalin. Takardun ashirin da uku suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, har yanzu suna ƙanshin ƙuli. Ba sa cikin gado, na Ummi ne. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga motar Gagarawa da shafina a aljihu, in zauna a tsakar gidanta in karanta mata da ƙarfi. In ta ce ba haka ba ne, zan dawo in sake rubutawa.